DARASIN WANNAN WATA: TSIRYA, ƘANWAR AKU

Darasinmu na wannan wata a kan wata 'yar tsuntsuwa ne wadda duk wanda ya tashi a karkara ya san kukanta, ko da bai taɓa riƙe ta a hannu ba. Wannan tsuntsuwa ita ce tsirya.

Ga dalilin da ya sa muka zaɓe ta. Kwanakin baya mun kai ziyara wani ajin yaƙi da jahilci na maza. Malamin aji ya rubuta harafin "ts" a allo, ya ce kowa ya kawo kalmar da ta fara da shi. Wani ya ce tsamiya, wani ya ce tsintsiya. Sai wani dattijo ya ce, "Tsirya, ɓarauniyar gero." Nan take gardama ta kaure. Dattijon ya ce da yana da iko da ya ƙarar da irinta. Wani saurayi ya ce, "Haba Baba, ai kuɗi ce. Kowace shekara nakan ɗebo 'ya'yanta in kai birni." Wani magidanci kuma ya ce duk su biyun suna jayayya ne a kan abin da ya kusa ƙarewa, don shi rabonsa da jin kukanta tun lokacin da aka sare manyan itatuwan bayan garinsu. Muka yi musu alkawarin za mu kawo bayaninta a wannan shafi. To, ga shi Allah ya nufa.

DANGIN TSIRYA

Tsirya dangin aku ce. A duniya akwai irin aku kusan 400, kuma yawancinsu a ƙasashe masu zafi suke, musamman Kudancin Amurka da Ostareliya da tsibiran da ke kusa da ita. Na Afirka ba su da yawa. A nan Nijeriya ga waɗanda ya kamata mai karatu ya iya rarrabewa:

1. Aku, wanda ake kira aku-kuturu. Jikinsa ruwan toka ne, wutsiyarsa ja. Tsawonsa kamar santimita 33. Ba tsuntsun ƙasar Hausa ba ne, mazauninsa kurmin kudu ne, fatake ne suka riƙa kawo shi arewa. Shi ne akun da marigayi Alhaji Abubakar Imam ya sa ya zama mai ba da labarai a littafin Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a shekarar 1937.

2. Tsirya mai gajeriyar wutsiya, mai kai ruwan toka da rawayan ciki. Ita ce wadda wannan darasi yake magana a kanta.

3. 'Yar'uwarta mai doguwar wutsiya, wadda ita ma mutane kan kira tsirya. Wannan koriya ce shar daga kai har wutsiya, bakinta yana da ja. Tsawonta kamar santimita 40, amma fiye da rabi duk wutsiya ce. Namijinta idan ya girma yana da wani siririn zobe a wuya.

4. Akwai kuma wata 'yar mitsitsiya mai jan fuska, wadda ba ta wuce santimita 15 ba. Ita wannan a cikin gidan gara take haƙa sheƙarta.

Masana ilimin tsuntsaye suna ba kowace halitta suna guda wanda duk duniya za a gane ta da shi. Sunan tsiryarmu a wurinsu shi ne Poicephalus senegalus. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Linnaeus ne ya shigar da ita littafinsa a shekarar 1766, ya jingina sunanta ga ƙasar Senegal, don daga can ne Turawa suka fara saninta.

KAMANNINTA

Tsawon tsirya daga baki zuwa ƙarshen wutsiya kamar santimita 23 ne, wato inci 9. In ka buɗe hannunka ka yi taƙi ɗaya, to ka kusa auna ta. Nauyinta daga giram 120 zuwa 170. Ke nan sai an tara kamar guda bakwai kafin su yi kilo ɗaya. Girmanta bai fi na kurciya ba sosai, sai dai ta fi kurciya kauri da girman kai.

Kanta ruwan toka ne mai duhu, haka ma bakinta. Bayanta da fukafukanta da wuyanta kore ne. Cikinta kuwa rawaya ne ko ruwan goro. Koren da ke ƙirjinta yana saukowa ya yi tsini a tsakiyar rawayan, kamar harafin V, sai ka ce ta sa 'yar shara a kan riga. Idan tana tashi sama za ka hangi rawaya a ƙarƙashin fukafukanta.

Launin ciki yana bambanta daga wuri zuwa wuri, har masana suka kasa ta kashi uku. Ta can yamma, wato Senegal da Gambiya da Mali da Gini, cikinta rawaya ne kamar garin ɗorawa. Ta Kwaddibuwa da Gana zuwa yammacin Nijeriya, cikinta ya fi karkata zuwa ja. Ta gabashin Nijeriya da arewacin Kamaru da kudu maso yammacin Chadi, cikinta ruwan goro ne. Amma duk iri ɗaya ne, halinsu ɗaya, abincinsu ɗaya.

Namiji da mace kamanninsu ɗaya, da wuya a rarrabe su da ido, ko da yake namiji yakan ɗan fi girman kai da baki. Abin da yake da sauƙi shi ne rarrabe babba da yarinya. Idon babbar tsirya rawaya ne garau. Idon ƙaramar kuwa baƙi-baƙi ne, sai a hankali yake washewa ya koma rawaya. Saboda haka in ka ga tsirya a keji da baƙin ido, ka sani ba a daɗe da raba ta da iyayenta ba.

BAKI DA ƘAFA

Abu biyu ne suka bambanta dangin aku da sauran tsuntsaye.

Na farko baki. Bakin tsirya lanƙwasasshe ne kamar ƙugiya, na sama ya rufe na ƙasa. Yana da ƙarfin fasa ƙwallo mai tauri. A cikinsa akwai harshe mai kauri wanda take juya ƙwaya da shi, ta ɓare, ta ci tsabar, ta zubar da ɓawon. Har ila yau da bakin take hawan itace. Takan kama reshe da shi, ta rataya, sa'an nan ta jawo ƙafafunta. Wato bakin ya zama mata ƙafa ta uku.

Na biyu ƙafa. Ka dubi ƙafar kaza, za ka ga yatsu uku a gaba, ɗaya a baya. Ita tsirya biyu ne a gaba, biyu a baya. Wannan ya sa riƙonta yake da ƙarfi. Takan tsaya da ƙafa ɗaya, ta ɗauki abinci da ɗayar ta kai baki, kamar yadda mutum yake yi da hannu. Tana kuma iya rataya kai a ƙasa ta ci ɓauren da ke ƙarshen reshe.

INDA TAKE ZAUNE

Tsirya 'yar Afirka ta Yamma ce, ba a samunta a daji a wani ɓangare na duniya sai nan. Ƙasarta ta faro daga Senegal da Gambiya da kudancin Muritaniya, ta biyo ta Mali da Gini da Burkina Faso da Kwaddibuwa da Gana da Togo da Jamhuriyar Benin, ta shigo kudancin Nijar da Nijeriya, ta tsaya a arewacin Kamaru da kudu maso yammacin Chadi.

Ba ta son kurmi mai duhu, ba ta kuma zama a hamada. Wurinta shi ne daji mai ciyawa da manyan itatuwa jefi-jefi, da bakin rafi, da gonakin da manoma suka bar wa itatuwa. Tana son inda akwai kuka da giginya da ɗorawa da kaɗanya da ɓaure. In kun lura, wannan ai siffar gonakin ƙasar Hausa ce kamar yadda kakanninmu suka bar mana su. Ana ganinta a gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi, da Falgore na Jihar Kano, da dajin Tafkin Kainji, da gandun W na Nijar, da Mole na Gana, da gandun Binuwai na Kamaru.

Ba ta yin doguwar tafiya irin ta shamuwa, amma tana bin abinci. Inda ɓaure ya nuna, can za ka same ta. A wuraren da suka fi kusa da hamada takan ɓullo da damina, in rani ya yi tsanani ta gangara kudu.

ABINCINTA

Abincin tsirya 'ya'yan itatuwa ne da ƙwaya da fure da toho. Tana cin ɓaure da danginsa, da ɗinya, da danya, da tsada, da kaɗanya. Tana fasa ɗorawa ta ci garin da kalwar. Tana cin 'ya'yan maɗaci da na madobiya da na gawo. Da kaka kuwa, lokacin da hatsi ya fara ƙosawa, takan sauka a gona ta ci gero da masara, ta kuma taɓa gyaɗar da aka shanya.

Tana da ɓarna wajen ci. Takan gutsiri ɗan itace sau ɗaya ko biyu ta saki, ta kama wani. Shi ya sa ƙarƙashin itacen da tsirya take kiwo kullum cike yake da ɓawo da guntaye, awaki da tumaki su samu na kalaci.

HALAYENTA

Tsirya ba ta son kaɗaici. Yawanci za ka gan su biyu-biyu, ko gungu na kamar 10 zuwa 20, sun fi haka yawa in abinci ya tara su. Suna fita kiwo da sassafe, in rana ta take su fake a cikin ganye, da la'asar su sake fita. Tashinta da sauri ne, kai tsaye, tana kaɗa fukafukai ba hutawa, tana ƙara mai kaifi haɗe da fito. Amma idan ta sauka cikin ganye ta yi shiru, sai ka tsaya a gindin itacen ba ka gan ta ba, don korenta ya saje da ganye. Tana da wayo da tsoron mutum, musamman inda aka saba harbinta.

Mutane kan tambaya, shin tsirya tana magana? Wadda aka rena a gida tana iya koyon kalmomi kaɗan, ta kuma ƙware wajen kwaikwayon fito da ƙarar ƙofa da ƙarar wayar hannu. Amma ba ta kai aku baki ba. Muryar tsuntsu daga can ƙasan maƙogwaro take fitowa, daidai inda hanyar iska ta rabu biyu zuwa huhu. Dangin aku suna sarrafa wannan wuri tare da harshensu mai kauri, shi ya sa suke iya kwaikwayon abin da suka ji.

Tsirya tana da tsawon rai. Wadda take samun kulawa sosai tana iya kai shekara 25 zuwa 30, wata ma ta wuce. Ke nan ta fi akuya da tunkiya daɗewa a duniya.

SHEƘA DA ƘYANƘYASA

Wannan sashe shi ne zuciyar darasinmu, sai a karanta shi da natsuwa.

Tsirya ba ta saƙa sheƙa da ciyawa. Kogon itace take nema, can sama inda hannu ba ya kaiwa. Wani lokaci kogon da reshe ya karye ya ruɓe ne, wani lokaci kuma tsohon ramin da maƙwaƙwafi ya fafe ya bari. Irin wannan kogo ba a samunsa a ƙaramin itace. Sai itace ya shekara da yawa, ya tsufa, kafin ya yi kogo.

Lokacin ƙwanta yana farawa daga ƙarshen damina zuwa cikin rani, gwargwadon wuri. Tana yin ƙwai 3 ko 4, farare. Macen ce take kwanci, na kwana 27 zuwa 28. Duk wannan lokaci namijin ne yake kawo mata abinci. Yakan haɗiye shi a daji, in ya zo ya dawo da shi daga maƙoshi ya ɗura mata a baki, yana kuma tsaron bakin kogon.

'Ya'yan suna fitowa ido a rufe, jikinsu da ɗan farin gashi kaɗan, ba sa iya komai. Sai bayan mako biyu zuwa uku idonsu yake buɗewa. Suna zama a kogo kamar mako 9 kafin su fara tashi, kuma iyayen suna ci gaba da ciyar da su har su kai kamar mako 12 da ƙyanƙyasa.

To, jama'a, ku kwatanta da zabuwa ko kaza, waɗanda suke zuba ƙwai da yawa, 'ya'yansu kuma su fara kiwo tun ranar da aka ƙyanƙyashe su. Ita tsirya wata uku cur take wahala a kan 'ya'ya uku ko huɗu. Wanda ya ɗebe su ya kashe mata aikin shekara. Wanda kuwa ya sare itacen, ko ya farfasa bakin kogon da gatari don hannunsa ya shiga, ya kashe aikin shekaru masu yawa, don ba za a sake ƙwai a wurin ba.

TSIRYA DA MANOMI

Maganar dattijon nan tana da ƙamshin gaskiya. Tsirya tana cin gero da masara, kuma gonar da take kusa da daji ko bakin rafi ta fi shan wahala. Wanda ya sha rana ya yi noma ba zai ji daɗin ganin zangarniyarsa a wawure ba. Amma a auna abin da adalci. Tsirya ba jan-baki ba ce. Jan-baki suna zuwa dubbai, su rufe gona kamar hadari. Ita tsirya 'yan goma ne ko ashirin, kuma ɓarnarta ta 'yan makonni ce, daga lokacin da hatsi ya fara ƙosawa zuwa girbi. Ga hanyoyin rage ɓarnar:

1. A tsare gona da sassafe da kuma la'asar, don lokutan ne take kiwo. Tsakar rana mai tsaro zai iya hutawa.

2. A ɗaura igiya daga kan dakali zuwa kusurwoyin gona, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Ja ɗaya ya isa ya tashe su.

3. In an kafa mutum-mutumi, a riƙa canza masa wuri da riga bayan kwana biyu ko uku. Tsirya tana da wayo, in ta ga bai motsa ba za ta gane.

4. Maƙwabta su yi ƙoƙarin shuka lokaci ɗaya. Gonar da ta riga sauran nuna, ko ta yi saura ita kaɗai, ita ce tsuntsaye suke taruwa a kanta.

5. In hatsi ya ƙosa kada a yi jinkirin girbi, kuma kada a bar dammuna da gyaɗa su daɗe a fili ba mai dubawa.

6. Kada a sa guba ko kaɗan. Guba ba ta zaɓe. Za ta kashe kaji da zabi da tantabaru, ta kashe karen da ya ci mushen, ta kuma iya kaiwa ga yaron da ya tsinci tsuntsun ya gasa.

CINIKIN TSIRYA

Yanzu sai maganar saurayin nan. Gaskiya ne ana sayen tsirya, kuma ba a biranenmu kaɗai ba. Tana cikin dangin akun da aka fi fitarwa daga Afirka. Tsakanin shekarar 1994 da 2003 kaɗai, an fitar da fiye da 400,000 waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje. Wannan lissafin waɗanda aka rubuta ne. Ban da waɗanda suka mutu a tarko, ko a kwando, ko a hanyar zuwa birni saboda ƙishirwa da cunkoso.

Akwai wata yarjejeniya ta ƙasashen duniya mai suna CITES, wadda take sa ido a kan cinikin namun daji da itatuwa tsakanin ƙasa da ƙasa. An ƙulla ta a 1973, ta fara aiki a 1975, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka shiga. Nijar da Gana da Kamaru da Chadi su ma duk suna ciki. Tun 1981 aka sa tsirya a jerin tsuntsayen da ba a fitar da su sai da takardar izini. A nan gida an kafa dokar kare namun daji masu fuskantar ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Amurka ta taƙaita shigo da tsuntsayen daji a 1992. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da su a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta kuma mai da hanin na dindindin a 2007. A 2025 jami'an kwastan a filin jirgin sama na Legas sun kama tsuntsaye fiye da 1,600 da za a kai Kuwait ba tare da takardu ba, cikinsu har da tsirya mai doguwar wutsiya.

Har yanzu masana ba su sa tsiryarmu cikin tsuntsayen da suka kusa ƙarewa ba, don ƙasarta tana da faɗi. Amma sun ce yawanta raguwa yake yi. Kada mu ce ai tana da yawa. Aku ma da yana da yawa. Wani bincike da aka yi a Gana ya nuna cewa daga 1992 zuwa wajen shekara ashirin bayan nan, ƙasar ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta, saboda kamu da sare itatuwa. Wannan na cikin abin da ya sa taron CITES da aka yi a Johannasbag ta Afirka ta Kudu a 2016 ya haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ta fuskar addini ma akwai abin lura. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu a halin tafiya, uwar ta zo tana ta shawagi a kansu. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga haka, sai ya umarce su da su mayar mata da 'ya'yanta.

GA WANDA YA RIGA YA AJIYE TA

Shawararmu ita ce kada a saya, don saye shi ke sa a kamo. Amma wanda ya riga yana da ita a gida, haƙƙinta yana wuyansa. Ya sama mata keji mai faɗi inda za ta buɗe fukafukai, a inuwa. Ya canza mata ruwa kullum. Kada ya tsare ta a kan gyaɗa kaɗai, ya haɗa mata da gero da dawa da masara ɗanya da gwanda da mangwaro da ganye. Gyaɗa mai fumfuna tana kashe ta, haka ma piya. Ya sa mata ɗanyen reshe ta riƙa gwaguya.

A kuma kiyaye lafiyar iyali. Akwai wata cuta da ake kira zazzaɓin aku, wadda mutum yake ɗauka ta hanyar shaƙar ƙurar busasshen kashin tsuntsu. Alamunta zazzaɓi da ciwon kai da busasshen tari, wani lokaci ta kai ga ciwon huhu. Saboda haka a yayyafa ruwa kafin a share keji, a wanke hannu da sabulu, kada a rataye keji a ɗakin kwana ko kusa da madafa, kada kuma a ba ta abinci baki da baki. Wanda ya kamu da irin wannan zazzaɓi ya je asibiti, ya gaya wa likita cewa yana ajiye tsuntsu. Cutar tana jin magani in an gane ta da wuri.

ITACEN TSIRYA ITACENMU NE

Mun bar maganar magidancin nan a ƙarshe don ita ce ta fi nauyi. Ku sake duba itatuwan da muka lissafa. Kuka ita ce miyarmu. Ɗorawa ita ce daddawarmu. Kaɗanya ita ce man da matanmu suke sayarwa. Gawo yana ƙara wa gona taki, yana ciyar da dabbobi da rani. Madobiya kuwa an yi ta sararta ana fitarwa ƙasashen waje, musamman daga Jihar Taraba, har sai da CITES ta sa ta a jerinta a 2016. Duk garin da kukan tsirya ya ɗauke, a duba da kyau, za a tarar tsofaffin itatuwansa sun tafi gawayi. Bayan tsirya, sai kalwa ta yi tsada, sai iska ta fara kwashe ƙasar gona.

Don haka muna kira ga masu unguwanni da dagatai da sarakunan noma da su hana sare itace mai kogo. Iyaye su ja kunnen yara game da ɗebo 'ya'yan tsuntsaye. Manomi in ya ga ɗorawa ko kaɗanya ko gawo ya tsiro a gonarsa, ya kewaye shi da ƙaya ya bar shi ya girma.

AIKIN AJI

Karatu: a karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sa'an nan a rubuta su a littafi: tsirya, tsuntsu, tsamiya, tsaba, tsada, tsaro, tsoho.

Lissafi:
1. Tsirya ta yi kwanci kwana 28, 'ya'yanta suka yi kwana 63 a kogo. Kwana nawa ke nan duka? Mako nawa ne?
2. Wani yaro ya ɗebe sheƙa 6, kowace da 'ya'ya 3. Guda 11 suka mutu kafin ya kai kasuwa. Nawa suka rage?

Tambayoyi:
1. Faɗi bambanci biyu tsakanin aku da tsirya.
2. Yaya ake gane ƙaramar tsirya?
3. Me ya sa tsirya take bukatar tsohon itace?
4. Kawo hanyoyi uku na kare gona ba tare da guba ba.
5. Waɗanne itatuwa ne suka ragu a garinku tun tasowarka?

Malaman aji, a ba tambaya ta biyar lokaci sosai, a bar dattawa su yi bayani, ɗalibai su rubuta sunayen itatuwan da hannunsu. Ajin da ya tattara nasa ya ba mai duba azuzuwa na yankinsa ya kawo mana, za mu buga a wannan shafi in Allah ya yarda.

Sai mun sadu a wata mai zuwa. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.